Tantabarun Katangar Gabas

A gidanmu, a wani ƙauye kusa da Gezawa, katangar gabas ta tantabaru ce. Tun kafin a haife ni Baba ya kafa turaku a jikinta, ya rataye tsofaffin tukwane da tuluna a kwance, bakinsu na kallon tsakar gida. Duk tukunyar da ta tsage wa Inna a murhu ba a yar da ita. Baba zai ɗauka ya juya ta a hannu, ya ƙwanƙwasa, ya ce, "Ta gama aikin miya, saura ta karɓi baƙi." Sai ya liƙe tsagar da laka ya kai ta katanga. Tsakanin katangar da ɗakunanmu akwai 'yar garka, inda Inna ke shuka rama da barkono, da zogale a gefe.

Wanda bai zauna da tantabaru ba, zai ɗauka ba su san faɗa ba. A ƙasa haka suke. In Baba ya watsa musu dawa da safe sai su sauko su cakuɗe, wannan ya taka wutsiyar wancan, babu mai kulawa. Amma da zarar sun koma katanga kowa ya san iyakarsa. Kowane namiji da macensa suna da tukunyarsu, da turken da ke gefenta, da ɗan wuri a kan katanga daidai samanta. In wani ya yi kuskuren sauka a nan, mai wurin zai kumbura wuya, ya ja wutsiya, ya yi ta juyi yana kuka mai kauri. In baƙon bai gane ba, sai ka ji fat, an make shi da fiffike. Na sha ganin biyu sun kama bakin juna sun faɗo tare har cikin rama, gashi na tashi, sannan kowa ya karkaɗe jiki ya koma tukunyarsa kamar ba a yi ba.

Akwai wani tsohon namiji, ruwan toka, wuyansa na sheƙi, da fararen gashi a fiffikensa na hagu. Shi ke da tulun da ke sama da kowanne, can kusurwa, inda hasken la'asar ke daɗewa bayan ya bar sauran katangar. Baba ya sa masa Mai Unguwa. Bai fi sauran girma ba, amma ban taɓa ganin wanda ya sauka a turkensa ya tashi da mutuncinsa ba. Ko hankaka in ta gifta sai ya leƙo ya yi mata magana.

Sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, don haka Uwata yake kirana. In ya dawo daga gona ya yi wanka, ya zauna a ƙarƙashin rumfar ƙofar ɗakinsa, wadda ke fuskantar katangar, sai in ji ya ce, "Uwata, ajiye littafin nan ki zo ki ga shari'a."

In zo in zauna a bakin tabarma. Ya nuna mini wani matashi da ke neman tukunya, yana ta leƙen ta wani. "Kin gan shi? Jiya aka yaye shi, yau yana neman gidan sama. Bari Mai Unguwa ya gan shi."

Inna daga madafa ta ce, "Malam, kai dai da za a ba ka albashi a kan kallon tsuntsayen nan da mun huta."

"Ai suna biyana. Barkononki wa yake ba shi taki?"

Gaskiya ne kuwa. Kashinsu yake sharewa ya kai garka, kuma babu barkonon da ya kai namu ja a unguwar.

Sai shekarun nan suka zo, waɗanda har yanzu mutanen garinmu ba sa kiransu da komai sai lokacin tsada. Gonakin wajenmu dama ƙanana ne, an raba an sake rabawa, ta wannan na jingine da ta wancan. Da takin zamani ya gagari mutane sai ƙasa ta fara ba da abin da ta ga dama. Rumbunmu ya riƙa ƙarewa tun ruwa bai sauka ba. Ina zuwa kwaleji a Kano a lokacin, kullum a mota, har kuɗin mota ya sa na koma zuwa jefi-jefi, daga baya na zauna gida. Baba ya daina watsa dawa. Tsaki da dusar da suka rage a faifan Inna su suka zama abincin tantabaru, sauran su nemo a gonaki.

Cikin wata damina aka kawo Baba daga gona a kan amalanke. Faɗuwa ya yi yana noma. A asibitin birni suka ce hawan jini ne, ya shanye masa ɓarin dama. Da aka sallamo shi, ƙafa ɗaya ba ta taku, hannu ɗaya ba ya ɗagawa, magana kuma ta tafi. Kalma ɗaya ta rage masa, "to". Da ita yake amsa sallama, da ita yake kiran Inna, da ita yake ƙin magani.

Tun daga nan rayuwarsa ta koma tsakanin ɗaki da rumfa. Da safe ni da Inna mu kama shi mu fito da shi, mu jingina shi da bango, Inna ta ɗauki hannunsa na dama ta ɗora masa a cinya. Masu dubiya sun yi ta zuwa da farko, daga baya kowa ya koma neman abin da zai kai gidansa. Rediyo ba ya jimawa sai ya nuna a kashe. Abin da ba ya gajiya da shi shi ne katangar gabas. Yakan wuni idonsa na kanta. In faɗa ya kaure a sama sai ɓarin bakinsa mai motsi ya ɗaga, ya taɓa ni da hannun hagu, ya nuna. Ni kuma in faɗi abin da na san da shi zai faɗa. In ce, "Baba, yau ma an kori mai neman gidan sama." Sai ya yi wata dariya marar sauti, ƙirjinsa na girgiza. Mun gane, ni da Inna, ko da ba mu taɓa faɗa wa juna ba, cewa tantabarun nan su ke fito da shi daga ɗaki kowace safiya.

Magani ba ya jira. An sayar da awaki, an sayar da keken Baba. Daga nan Baffa, ƙanin Baba da ke zaune a gidan da ke jikin namu, ya zo da maganar wani Alhaji ɗan kasuwa daga Bacirawa, wanda ke sayen filaye a wajenmu tunda aka gyara hanya. Ya sayi filin da ke bayan katangarmu, yana son ya ƙara da garkar Inna don ya samu faɗi. In an sayar, katangar gabas ta shiga nasa. Za a rushe ta, a ja sabuwa ta bulo kusa da ɗakunanmu.

A gaban Baba aka yi maganar. Baffa ya durƙusa ya yi bayani a hankali, ya maimaita. Baba ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya ce, "To."

"Tukwanen fa?" in ji Inna.

"Sai a mayar da su bangon madafa," in ji Baffa. "Daga rumfa ma zai fi ganinsu kusa."

Masu kiwon tantabara a wajenmu suna da yadda suke yi in za su canza musu wuri. Ana jira sai sun shiga tukwane da magariba, a toshe bakin kowace da tsumma, a sauke. Sai a kama manyan ɗaya bayan ɗaya a fige dogayen gashin fiffike guda. Tsuntsun da aka yi wa haka ba ya iya tashi, sai ɗan tsalle. A rataye tukwanen ƙasa-ƙasa, a jingina musu katako su riƙa hawa. Kafin gashin ya sake fitowa sun saba, sun yi ƙwai a sabon wuri, sun kafa sabuwar iyaka, tsohon wurin ya fita daga ransu. Haka ake yi wa waɗanda aka sayo daga kasuwa ma. Baba da kansa ya sha yi.

Ranar da aka sa, bayan sallar magariba, Baffa ya kafa tsani. Yana saukowa da tukwanen yana miƙo mini, ina jerawa a gindin rumfa. Ina jin motsinsu a ciki, da ɗumin jikinsu ta cikin yumɓu. Wasu akwai ƙwai, wata akwai 'yan shila biyu da ko gashi ba su gama yi ba. Tulun Mai Unguwa ne na ƙarshe. Inna ta kunna fitila ta riƙe, Baffa ya kifa turmi ya zauna kusa da tabarmar Baba.

"Matar Yaya, matso da fitilar. Kada ki ji tausayinsu. Ke ma da aka kawo ki gidan nan sai da aka killace ki a ɗaki kafin kika saba."

"Ni dai ba a fige ni ba, ja'iri," in ji Inna. "Yi abin da ya kawo ka."

Baffa ya zare tsumman, ya sa hannu cikin tulun ya fito da Mai Unguwa. Tsuntsun ya cije shi a yatsa. "Kai, tsoho, da sauranka ashe." Ya matse ƙafafunsa tsakanin yatsu, ya buɗe fiffiken hagu kamar mafici. Fararen gashin suka jeru a hasken fitila. Ban taɓa ganinsu kusa haka ba.

Sai muka ji wani sauti daga Baba, ba "to" ba, wani abu ne daga maƙogwaro. Kafin mu juya ya zame daga jikin bango, ya ja jiki da gwiwar hannu, ya damƙi wuyan hannun Baffa da hannunsa na hagu.

"Yaya, lafiya?"

Baba bai saki ba.

"Yaya, in ba a fige su ba wallahi ba za su zauna ba. Kai ka koya mini wannan. Gashi ne, zai fito."

Inna ta ajiye fitilar ta durƙusa. "Malam, don kai ake yi. So kake ka fito da safe ka tarar babu ko ɗaya?"

Baba bai kalle ta ba. Fiffiken yake kallo. Hannunsa na dama ya zame daga cinyarsa, yana kwance a kan tabarma a juye, inda faɗuwar ta jefa shi. Na ga jijiyoyin hannun hagun sun miƙe. Ban san yana da sauran ƙarfi haka ba, mutumin da sai an riƙe masa kofi.

Baffa ya dube ni. "Ke 'yar boko, gaya masa mana. Ke yake ji."

Na ce, "Baba, a bar su da gashinsu?"

Ya ce, "To."

"Ko da za su tafi?"

Ya rufe ido ya buɗe. "To."

Baffa ya ninke fiffiken a hankali, ya mayar da tsuntsun cikin tulu, ya toshe. Sai a lokacin Baba ya sake shi. Baffa ya murza wuyan hannunsa ya ce, "Shi ke nan. Naka ne. Amma gobe kada a ce ban faɗa ba." Ya tashi ya rataye tukwanen a bangon madafa, kowace da mazaunanta a ciki, ya sa tulun Mai Unguwa a sama da duka kamar yadda yake a da. Ya yi aikin da kyau, ba zan ce bai yi ba.

Da safe, bayan mun fito da Baba, na bi tukwanen na zare tsummokaran. Suka fito ɗaya-ɗaya, suka tsaya a baki suna karkata kai. Sai Mai Unguwa ya tashi. Bai ko zaga ba, kai tsaye ya nufi katangar gabas ya sauka a turkensa na kusurwa, inda babu komai sai zagayen inuwar da tulu ya bari a jikin ƙasa. Sauran suka bi shi. Kowa ya koma daidai gurbinsa, ya tsaya a kan turke tsirara. Da wani ya matso kusa da kusurwa, Mai Unguwa ya kumbura wuya ya make shi, kamar kullum.

Tulunsa kuwa, wanda ya kare shekara da shekaru, yana rataye a bangon madafa da ƙwan macensa a ciki. Kafin azahar wani matashi ya shige shi ya zauna. Mai Unguwa yana gani daga nesa, ko wuya bai kumbura ba. A ranar na gane ba tulun yake karewa ba. Wurin ne.

Ƙwayayen suka huce a tukwane. 'Yan shilan nan biyu, uwarsu ta riƙa zuwa tana ba su abinci tana komawa, har ɗaya ya mutu. Inna ta jiƙa tsaki ta riƙa ɗura wa ɗayan da yatsa.

Ba a jima ba leburori suka zo da diga. Katangar ƙasa ba ta da wuyar rushewa. Kafin la'asar har ta zama tudu, muka ga har gonakin da ban taɓa gani daga tsakar gida ba, da hanya, da mutane na wucewa suna leƙenmu. Inna ta rataye tsohuwar tabarma a igiya don ta kare madafa.

Da yamma tantabarun suka dawo daga kiwo. Abin da na gani a ranar bai bar ni ba har yau. Mai Unguwa ya zo da saurinsa na kullum, ya miƙe ƙafafu zai sauka, babu abin sauka. Sai ya tsaya a iska, daidai tsayin turkensa, daidai kusurwar, yana ta kaɗa fiffike a wuri ɗaya. Ya gaji ya sauka kan tudun ƙasa, ya huta, ya sake tashi ya koma wurin. Wani ya zo yana neman nasa gurbin, ya ratsa ta kusa, Mai Unguwa ya bi shi ya doke shi a cikin iska. Iyakar tana nan a wajensa, mu ne ba ma ganinta.

Na juya in gaya wa Baba abin da ya saba ji, sai na kasa. Yana kallo, hawaye na bin ɓarin fuskarsa da ba ya motsi. Inna ta zo ta goge masa da bakin zaninta, ta ce, "Malam, har yanzu ana iya kama su a fige. Suna kwana a kan rumbu, Baffa zai iya." Ya ɗaga hannun hagu ya kaɗa. Ba ta sake tayar da maganar ba.

Magina suka fara jera bulo a sabuwar iyaka. Kullum katangar na ƙara hawa, abin da Baba ke gani na raguwa. Tudun ƙasa ya fara ɓacewa, sai zogalen Inna da ba a kai ga sarewa ba, sai wurin da Mai Unguwa ke tsayawa a iska. Ranar da aka ɗora layin ƙarshe, abin da ke gaban rumfa bango ne ruwan toka, kusa da mu har kana iya ganin tsakuwar da ke cikin bulon.

A bayansa Alhajin ya tayar da gini. Ya kai shi tsayin tagogi da ƙofofi, sai siminti ya yi tsadar da shi ma ya dakata. Ginin ya zama kango, babu rufi. Tantabarunmu suka shige shi. Baffa ya leƙa ya dawo ya ce sun raba ramukan da magina suka bari a bango, kowa ya kama nasa, Mai Unguwa kuma ya kama na sama a kusurwar gabas. "Wallahi kusan daidai inda tulunsa yake," in ji shi. "Taurin kai dai irin na mai su." Matasan da suka fara zama a bangon madafa su ma suka bi sauran. Ɗan shilan da Inna ta raina da yatsa shi ya fi daɗewa, ranar da fiffikensa ya yi ƙwari shi ma ya haye.

Baba ya yi kwanaki ba ya son fitowa. In mun zo kama shi sai ya juya fuska bango. Wata la'asar ina shara kusa da zaure na ɗaga kai, na ga daga nan ana hango saman kangon da wani yanki na sama. Na gaya wa Inna. Muka lallashe shi, muka ja tabarmar zuwa can, muka jingina shi da bangon zaure.

Mun ɗan jima babu komai. Sai muka ji tafin fiffike daga bayan katanga, suka tashi gaba ɗaya, suka yi sama, suka karkata. Rana ta kama su ta ƙasa. A gaba akwai wanda fiffikensa na hagu ke walƙiya fari duk sanda ya juya. Suka zaga bisa gidanmu, bisa gidan Baffa, suka yi nisa wajen gonaki har suka zama ɗigo-ɗigo, suka dawo. Kan Baba na bin su a hankali, iya inda wuyansa ke kaiwa. Da suka sauka bayan katanga ya taɓa ni da hannun hagu.

Na ce, "Na gan shi, Baba. Shi ne a gaba."

Ya ce, "To."

Haka muka koma yi. Ba wuni guda ba kamar da, ɗan lokaci ne tsakanin la'asar da magariba, wata rana ma ba sa tashi. Sauran yinin yana kwance a ɗaki. Jikinsa ya yi ta raguwa, har ya zama ni kaɗai ina iya ɗaga shi. Amma in inuwa ta kai bakin rijiya sai mu ji "to" daga ɗaki, mu san lokaci ya yi.

Bayan girbi Allah ya karɓi abinsa, da hantsi, Inna na gefensa.

Cikin kwanakin zaman makoki, da mutane suka ragu, Baffa ya shigo ya tsaya yana kallon tukwanen da ke bangon madafa, duk babu kowa a ciki. Ya ce, "Da ya bar ni na fige su, da suna nan gabansa har ƙarshe."

Inna na zaune a ƙofar ɗaki da carbi. Ta ce, "Da suna nan, suna tafiya a ƙasa."

Baffa ya tambaya ko a sauke tukwanen, ta ce a bari.

An rufa ginin Alhaji daga baya, an toshe ramukan, an shafe bango. Ban san inda tantabarun suka koma ba, na riga na koma karatu a lokacin. Tukwanen suna nan a bangon madafa, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsu. In Inna ta gama bakace, har yanzu takan ɗauki faifai ta je gindin katangar bulo ta karkaɗe tsakin a can, kaji su zo su cinye.